Abdullahi Ɗan Mubarak da Akwatin Alhazan Marwu

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa masu bibiyar wannan shafi, yau tarihin Imam Abdullahi ɗan Mubarak nake so mu duba, Allah Ya yi masa rahama. Ɗaliban hadisi sun san shi a cikin isnadi, don da wuya ka yi nisa a Bukhari ko Muslim ba ka ci karo da sunansa ba. Masu wa'azi kuma sun san shi da littafinsa na zuhudu. Ni ta wata ƙofar zan shigo, wato ta hanyar Makka. Ina so mu ga yadda tafiyar hajji take a zamaninsa, abin da take yi wa jikin mutum da zuciyarsa, sannan mu ga irin zaman da wannan bawan Allah ya yi da abokan tafiyarsa. A ganina nan ne halinsa ya fi fitowa fili.

An haife shi a shekara ta 118 bayan hijira a birnin Marwu na ƙasar Khurasan. Kada a rikita da Marwa ta Safa da Marwa, wannan gari ne can gabas mai nisa, kufansa yana cikin ƙasar Turkumanistan ta yau. Mahaifinsa Baturke ne da ya yi wa wani ɗan kasuwa na Banu Hanzala hidima, shi ya sa ake jingina shi ga wannan ƙabila, mahaifiyarsa kuma mutuniyar Khuwarizm ce. Yana da shekara ashirin da 'yan kai, a shekara ta 141, ya fita neman ilimi, kuma tun daga ranar kusan ba a sake ganinsa ya zauna wuri ɗaya ba. Ya shiga Iraƙi da Hijaz da Sham da Masar da Yaman. Ya yi karatu wurin Imam Malik da Sufyanus Sauri da Auza'i da Shu'uba da Ma'amar da Abu Hanifa da Laisu ɗan Sa'ad. An ruwaito daga gare shi cewa ya ɗauki ilimi wurin malamai 4,000, ya yi riwaya daga 1,000 a cikinsu.

Ɗan kasuwa ne kuma, mai jari sosai. Marubuta tarihinsa sun ambaci cewa yakan kashe wa mabuƙata dirhami 100,000 a kowace shekara, kuma ya bayyana cewa abin da ya riƙe shi a kasuwa shi ne ɗaukar nauyin wasu malamai, irin su Fudailu ɗan Iyad da Sufyanu ɗan Uyaina, don kada talauci ya raba su da karantarwa. Rayuwarsa ta rabu tsakanin karatu, fatauci, hajji, da zaman tsaron iyaka a garuruwan da ke fuskantar Rumawa kamar Ɗarsus da Massisa. Shekara arba'in ya yi a haka.

To, bari mu bi hanyar da kanta, don in ba ka san hanyar ba ba za ka san nauyin abin da ya yi ba.

Daga Marwu zuwa Makka ya haura kilomita 3,000. Ka ɗauki tafiyar Kano zuwa Legas ka ninka ta sau uku, ba mota, ba kwalta. Ayarin raƙuma a rana ɗaya yakan ci kilomita 30 zuwa 40, saboda haka zuwa kaɗai wata uku ne ko fiye, dawowa ma haka. Mai niyyar hajji daga Khurasan yana bankwana da iyalinsa ne na fiye da rabin shekara, kuma da shi da su kowa ya san ba lallai a sake ganawa ba. Shi ya sa ake biyan bashi, a bar wasiyya, a nemi gafarar maƙwabta kafin a ɗaura kaya.

Ayari zai tashi daga Marwu ya bi ta Sarakhsa zuwa Naisaburi, ya gitta gefen hamadar Iran zuwa Rayyu, kusa da inda birnin Tehran yake yanzu, sannan Hamazan. Daga nan sai duwatsu. Hawa ne da gangara ta matsatsun hanyoyi har a sauko Hulwan a shiga shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Iraƙi, a isa Bagadaza, wadda a lokacin sabon gari ce, don a shekara ta 145 aka aza harsashinta. Ku tuna kuma shekarar Musulunci tana gaza ta rana da kusan kwana 11, don haka hajji yana zagaya dukkan yanayi cikin kimanin shekara 33. A shekara arba'in ɗin da ɗan Mubarak ya yi yana yawo, akwai shekarun da alhazai suka ratsa waɗannan duwatsu cikin ƙanƙara, yatsu sun ƙage, akwai kuma shekarun da suka faɗa hamadar Larabawa a tsakiyar bazara.

Daga Bagadaza sai Kufa, daga Kufa kuma a shiga hanyar da daga baya ta shahara da sunan Zubaida matar Haruna Rashid, saboda rijiyoyi da tafkunan da ta gina a kanta. Tsawonta zuwa Makka kusan kilomita 1,400 ne. Tun kafin Zubaida halifofin Abbasiyawa sun fara yi mata aiki. Saffahu ya kafa alamomin mil da hasumiyoyin da ake kunna wuta a kansu don masu tafiyar dare, Mahdi kuma a shekara ta 161 ya sa aka gina masaukai da matattarar ruwa aka haƙa rijiyoyi. Duk da haka hamada tana nan a hamadarta. Daga Ƙadisiyya ka wuce zango bayan zango, Waƙisa, Zubala, Sa'alabiyya, ka ratsa rairayin da ƙafa ke nutsewa a ciki, har ka kai Faidu, wadda take kusan tsakiyar hanya, inda alhazai kan bar wani ɓangare na guzurinsu ajiya don dawowa.

Kada ka ɗauka kowa a kan raƙumi yake. Talaka ƙafarsa ce abin hawansa. Wasu mutum biyu ko uku ne za su haɗa kuɗi su yi hayar raƙumi ɗaya suna karɓa-karɓa. Shi kansa mai raƙumin yakan sauka a wurin hawa ko cikin rairayi don ya sauƙaƙa wa dabba. Ai ko a Suratul Hajji, inda Allah Ya umarci Annabi Ibrahim, alaihis salam, da ya yi shelar hajji, masu zuwa a ƙasa aka fara ambata kafin masu zuwa a kan ramammun raƙuma. Mako na farko ƙafa za ta yi bororo, bororon ya fashe, ya zama kanta. Diddige ya yi faso, yashi ya shiga ciki. Igiyar takalmi ta tsinke a ɗaure, ta sake tsinkewa. In lokacin zafi ne tafiyar dare ake yi, mutum yana tafe yana gyangyaɗi, in ya kuskura ya zauna ya huta barci ya ɗauke shi, sai ya farka ya ga ayari ya yi nisa, kuma wanda ya rabu da ayari a wannan daji ya shiga hatsarin ƙishirwa da na 'yan fashi. Ruwan salka yakan yi ɗumi ya ɗauki warin fata. Wata rijiyar a iske ta da zartsi, wani tafkin a iske ayarin da ya riga ku ya shanye. In ciwo ya kama mutum ba tsayawa za a yi ba, in ya cika a yi masa sutura a gefen hanya, a binne, a wuce.

Waɗanda suka bi ta Madina, kamar yadda ayarin ɗan Mubarak yake yi, a Zul Hulaifa suke ɗaura harami. Daga nan zuwa Makka tafiyar kusan kwana goma ce, namiji kansa a buɗe, mayafi biyu kawai a jikinsa, rana ta dake shi, sanyin asuba ya dake shi. Mu da muke ɗaura harami a jirgi mu isa Makka a ranar, ya kamata mu riƙa tuna wannan. Kakanninmu ma da suka bi ta Borno da Wadai da Darfur har gaɓar Bahar Maliya sun ɗanɗani irinta, wasunsu shekaru suka yi a hanya suna noma suna ƙodago don su sami na ci gaba, wasu kuma a Sudan suka zauna har yau zuriyarsu na can.

Wannan wahalar jiki ke nan. Akwai wata wadda ba a cika faɗa ba, kuma ita ce ɗan Mubarak ya lura da ita. Malaman lugga suna cewa an kira tafiya safar a Larabci ne saboda tana yaye lulluɓin da ke kan halayen mutane. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, da wani ya zo yana yabon wani mutum, cikin abin da ya tambaye shi har da ko ya taɓa yin tafiya da shi. A gida kowa na iya rufa wa kansa asiri. Mai ƙaramin ƙarfi ya ci tuwonsa a bayan ƙyaure ba wanda ya san da miya ko babu. A zango kuwa ba ƙyaure. Wannan ya sauke kaya an hura masa wuta ana gasa nama, na kusa da shi ya juya baya yana jiƙa busasshiyar gurasa da ruwan salka. Kullum dare mutum zai kwance bakin jakarsa ya ƙirga abin da ya rage, ya ƙirga kwanakin da suka rage, lissafi ya ƙi fita. Ga yara a gida sun yi masa saƙon tsaraba. In aka ce masa bismillah sau ɗaya zai ci, sau biyu zai ci, na uku sai ya ce ya ƙoshi alhali cikinsa na kuka. Kuma daga nan ne ƙananan maganganu ke tashi: wa ya fi shan ruwa, wa ya daɗe a kan raƙumi, wa bai kawo itace ba. Mutane su fito daga gari ɗaya suna aminai, su koma ba sa ga maciji.

Ga abin da ɗan Mubarak yake yi, kamar yadda Khaɗibul Bagdadi da Zahabi suka kawo. In lokacin hajji ya gabato, mutanen Marwu sukan zo su ce suna so su bi shi. Sai ya ce kowa ya kawo guzurinsa. Ya karɓa, ya sa a akwati, ya kulle. Shi zai yi musu hayar abin hawa. Daga Marwu har Bagadaza shi ke ciyar da su, kuma abinci mai kyau, har da kayan zaƙi. Daga Bagadaza ya fitar da su cikin kyakkyawar shiga har Madina. In an isa Madina sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambayar kowa abin da iyalinsa suka ce ya sayo musu na tsarabar Madina, ya saya. In an gama aikin hajji ya sake bin su da tambayar tsarabar Makka, ya saya. Haka zai riƙe su har su dawo Marwu. Ya sa a yi wa gidajensu da ƙofofinsu shafe. Bayan kwana uku ya haɗa musu walima, ya yi musu tufafi. Sai an ci an sha an yi murna, sannan ya ce a kawo akwatin nan. A buɗe, ya miƙa wa kowa ƙunshin kuɗinsa da sunansa rubuce a jiki, ko dirhami ɗaya bai yi ciwon kai ba.

Jama'a, ku tsaya a kan akwatin nan. Mutumin da ke kashe dirhami 100,000 a shekara ba ya buƙatar guzurin kowa. Da ya ga dama da tun a Marwu ya yi shela cewa shi zai ɗauki nauyin kowa, a yi ta sa masa albarka. Amma da ya yi haka, da kowane ɗayansu ya yi wata shida yana cin abinci a matsayin wanda ake yi wa alfarma, yana tauna loma yana kallon fuskar mai gida. Da ya karɓi kuɗinsu, sai kowa ya riƙa miƙa hannu cikin akushi da ƙarfin gwiwa, a ransa nasa yake ci. Wanda ya kawo kaɗan da wanda ya kawo da yawa ba mai sanin na wani, akwati a kulle yake. Mai jin kunyar faɗin saƙon matarsa ya faɗa kai tsaye, tunda a zatonsa daga jakarsa za a cire. Ya ciyar da cikinsu, ya kuma tsare musu mutuncinsu, kuma na biyun nan ya fi wuya.

Kada wani ya ce ni na ƙirƙiro wannan fassara. Akwai wani labarin nasa da ya fito da ita ƙarara. Wata rana ya tashi daga Bagadaza zai tafi Massisa, wasu bayin Allah masu ibada suka bi shi. Sai ya nuna musu cewa ya san su mutane ne masu jin nauyin a kashe musu kuɗi. Ya sa yaronsa ya kawo tasa, ya rufe ta da mayani, ya ce kowa ya sa hannu ta ƙarƙashin mayanin ya zuba abin da yake da shi. Wani ya zuba dirhami 10, wani 20. Ya ciyar da su har Massisa. Da aka isa ya ce a raba abin da ya saura, sai ga shi yana ba kowa dinari 20. Mai dirhami 20 ya yi mamaki ya ce ai abin da ya zuba bai kai haka ba, shi kuwa ya mayar da zancen ga albarkar da Allah Yake sa wa guzurin wanda ya fita saboda Shi. Kun ga mayanin nan da akwatin can aikinsu ɗaya.

Shi kuma me yake ci? Waɗanda suka raka shi daga Masar zuwa Makka sun ba da labarin cewa yana ciyar da su wata irin alewa ta dabino da man shanu, shi kuwa yana azumi. Ka dubi hanyar da na siffanta maka, ka dubi mutum da bakinsa a bushe yana zuba wa wasu kayan daɗi. Ba ina cewa matafiyi ya yi azumi ba, Allah Ya yi rangwame kuma karɓar rangwamenSa ba aibi ba ne. Abin lura shi ne tsananin a kan kansa ya ɗora shi, sauƙin kuma ya bar wa abokan tafiya. Mu sau da yawa juyawa muke yi.

Akwai kuma shekarar da bai isa Makka ba. Ibnu Kasir ya kawo cewa ya fita hajji, suna ratsa wani gari sai wani tsuntsu da ke tare da su ya mutu, ya ce a jefar a juji. Abokansa suka yi gaba, shi yana baya, sai ya ga wata yarinya ta fito daga wani gida ta ɗauki mushen ta naɗe ta koma da sauri. Ya bi ta ya tambaya. Ta gaya masa ita da ɗan uwanta ne, ba su da abinci sai abin da aka zubar a jujin nan, har mushe ya halatta gare su kwana da kwanaki, mahaifinsu mai dukiya ne aka zalunce shi aka ƙwace dukiyar aka kashe shi. Ya sa aka dawo da kaya. Ya tambayi wakilinsa nawa ke hannunsu, ya ce dinari 1,000. Ya ce a ware 20 da za su mayar da su Marwu, a ba ta sauran, yana ganin hakan ya fi hajjinsu na wannan shekara. Ya juya gida. Akwai ƙarin da wasu masu ba da labari suke yi, cewa wai mala'ika ya yi hajji a siffarsa. Ni na tsaya inda Ibnu Kasir ya tsaya, labarin ba ya buƙatar ƙari.

A nan sai na yi gargaɗi biyu. Wanda bai sauke farali ba, kuma Allah Ya hore masa, kada ya fake da wannan labari. Hajji rukuni ne, sadaka ba ta maye gurbinsa, shi ɗan Mubarak ya riga ya yi hajji ba sau ɗaya ba, na nafila ya bari. Amma kai Alhaji da ka je sau biyar, kake shirin na shida, ga umara duk azumi, don Allah kafin ka biya kujerar bana ka leƙa bayan katangarka. Ƙila akwai gidan da rabonsu da ɗora tukunya kwana biyu, akwai marayan da aka koro daga makaranta, akwai ɗan uwanka da ke kwance ba kuɗin magani. Ban ce maka haramun ne ka je ba. Ina dai tuna maka cewa wani malami da ya fi mu sanin falalar Arfa ya taɓa auna biyun a tsakiyar hanya, ya juya.

Ku kuma maniyyata, tafiyarku ta awa biyar ce ko ƙasa da haka, amma jarrabawar zaman tare tana nan ba ta canja ba. Tana ɗakin da za a haɗa ku mutum huɗu ko biyar, wani na son fanka wani na jin sanyi. Tana layin banɗaki a Mina, da wajen hawa mota, da lokacin da tsohon da ke cikin tawagarku ya kasa sauri a hanyar jifa kowa yana tsaki. Za ka ga wanda guzurinsa ya ƙare tun a Madina, ko aka yanke masa jaka, ya daina fita cin abinci tare da ku yana cewa ba ya jin yunwa. Hajiya, ke ma za ki ga wadda ake zuwa kasuwa tana cewa ƙafa ke mata ciwo. Ku nemo naku akwatin. A yi asusun abinci na ɗaki, kowa ya sa abin da zai iya ba tare da an ƙirga a gaban jama'a ba, mai hali ya cika giɓin ya yi shiru. In za ka ba mutum, ka ba shi ta yadda gobe zai iya haɗa ido da kai. Kuma a bar waya a aljihu, taimakon da aka ɗauka a hoto an riga an karɓi wani abu a madadinsa daga mutuncin wanda aka ba.

Allah kuwa Ya ɗaukaka shi tun a duniya ba tare da ya nema ba. An ruwaito cewa ya shigo Raƙƙa lokacin da Haruna Rashid yake garin, mutane suka ruga tarbarsa har takalma suka tsintsinke ƙura ta tashi. Wata daga cikin matan gidan halifa ta leƙo daga bene ta tambaya, aka ce mata wani malami ne daga Khurasan, sai ta ce wannan shi ne mulki na gaskiya, ba irin wanda sai da dogarai ake tara wa jama'a ba.

A kan hanya ya rayu, a kan hanya kuma ajali ya same shi. Yana dawowa daga bakin iyaka, a garin Hit da ke gaɓar kogin Furat, cikin watan Ramadan na shekara ta 181, yana da shekara 63. Da ya ji alamar tafiya ya ce wa baransa Nasru ya sauke kansa ya ɗora a kan turɓaya. Nasru ya fashe da kuka, yana tuna irin wadatar da maigidansa ya rayu a ciki ga shi zai cika a baƙunta kamar wanda ba shi da komai. Sai ya rarrashe shi, ya sanar da shi cewa abin da ya roƙi Allah ke nan, Ya raya shi rayuwar mawadata Ya karɓi ransa a irin halin talakawa. A Hit aka binne shi, nesa da Marwu.

Allah Ya jiƙan Abdullahi ɗan Mubarak, Ya saka masa da alheri. Allah Ya kai maniyyatanmu lafiya Ya dawo da su lafiya, Ya ba su hajji karɓaɓɓe. Waɗanda ba su taɓa zuwa ba Allah Ya kira su. Ya sa mu zama abokan tafiyar da ake yi wa addu'a bayan an rabu. Wallahu a'alam.